Sikeli da alƙalami: yadda ƙauye ya koyi riƙon kasuwarsa



Akwai wata magana da ake yawan faɗi a kan mutanen karkara. Ana cewa baƙauye ba ya iya lissafi, ba ya iya riƙon dukiyar jama'a, sai an zo daga birni an riƙe masa. Tarihin ƙasarmu Nijar ya ƙaryata wannan magana. An yi lokacin da manoma suka riƙe kasuwar gujiya da hannunsu, suka auna, suka rubuta, suka biya. An kuma yi lokacin da wannan gwaninta ta shuɗe kamar ba a yi ba. Mutanen dai su ne, garuruwan su ne. Abin da ya sake shi ne tsarin da aka sa su ciki. Ku biyo mu a hankali mu ga yadda abin ya faru.

Lakkol ta zamanin Nasara

Faransawa sun mai da Nijar ƙasar mallakarsu sosai a 1922. Damagaram ce babban birni har 1926, sannan aka koma Yamai. Sun buɗe lakkol nan da can, amma kaɗan ƙwarai. Bukatarsu ita ce su samu tafinta, da magatakarda, da mai karɓar lanho, da mushe ƴan kaɗan. Ba su zo don kowane manomi ya iya karatu ba.

A wancan zamani akwai aikin dole. Ana kwasar samari a kai su gyaran hanya ko ginin gidan kumandan, ba lada. Sai a 1946 aka soke shi. To, hannun da ke kwasar samari zuwa aikin dole, shi ne kuma ke zuwa ɗaukar yara zuwa lakkol. Don haka uwaye suka ɗauki lakkol kamar wani lanho na ɗiya. Wani ya ɓoye ɗansa cikin rumbu. Wani basarake ya hana nasa, ya tura ɗan baransa. Wannan ba ƙin ilimi ba ne, don a garuruwan nan makarantun allo cike suke, kuma malamai suna rubuta wasiƙa da ajami. Mutane ba su amince da mai lakkol ɗin ba ne.

Yaron da ya yi ƙoƙari ƙwarai, sai a kai shi ƙasar Sanagal, babbar lakkol ta William Ponty. Bubu Hama da Diori Hamani da Djibo Bakari duk a can suka yi karatu, kuma dukansu aikin mushe suka fara yi. Amma irinsu ana iya ƙidaya su. Ranar 3 ga Agusta 1960, da ƙasa ta samu mulkin kai, cikin yara 100 da suka isa shiga lakkol, wajen 4 kaɗai ke ciki. Babu jami'a ko ɗaya. Sai a 1971 aka aza tushen ta Yamai.

Haka aka yi da rumbunan ajiya. Bayan yunwar 1931, Nasara ya tilasta a dinga zuba hatsi cikin rumbun tsimi. Akwai kuma ƙungiyoyin tanadi da ke bada iri bashi. Kowane mai biyan lanho ɗan ƙungiya ne, ko yana so ko ba ya so, kuma kumandan ne shugaba. Manomi ya zuba hatsinsa, ya biya kuɗinsa, amma littafi da mabuɗi suna hannun wani. Shekara da shekaru ana haka, ba manomin da ya koyi riƙon littafin ajiya a ciki. Wa zai koyi aikin da ba za a taɓa bar masa ba?

Gujiya ta zo da sikeli

Tun da jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912, cinikin gujiya ya buɗe. Sannu a hankali ya hau arewa, ya kama ƙasar Maraɗi, da Tasawa, da Magarya, da Matamaye. Manyan kamfanonin Turawa suka kafa kantuna. Suna ba dillalai kuɗi, dillalai su shiga kasuwanni su saye gujiya. Manomi yana bukatar kuɗin lanho, da na sutura, da na aure. Dole ya noma, dole ya kai.

A bakin sikeli ne ake yin ta. Mai awo ya ɗora buhu, ya dubi lamba, ya faɗi abin da ya faɗi. Manomi yana tsaye, bai san lambar ba. Ba duka masu awo ne macuta ba, amma wanda ya so cuta ba abin da zai hana shi. Mu yi misali. A ce buhu ya yi kilo 42, aka rubuta 40. Kilo 2 ke nan ya tafi. In gari ya kai buhu 500, an ci masa kilo 1000, wato tan guda cur, ba wanda ya ji ko ya gani.

A shekarun 1960, gujiya ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga kayan da take saidawa waje. Arzikin ƙasa yana kan wuyan manomi, amma ilimin ciniki yana hannun wasu.

Sababbin ma'aikatu bayan mulkin kai

Gwamnatin farko ta ga ba yadda za a yi ƙasa ta tashi da mutum huɗu cikin ɗari. A 1962 ta kafa SONARA, kamfanin ƙasa mai fitar da gujiya waje. A shekarar kuma ta kafa UNCC, ma'aikatar bashin noma da ƙungiyoyin haɗa kai, waɗanda aka fi sani da koperatif. A 1963 aka buɗe ma'aikatar yaƙi da jahilci. Cikin shekarun nan ne aka fara aikin wayar da kan karkara, inda gari ke zaɓen mutanensa a ba su horo na ƴan kwanaki su komo. Matamaye na cikin wuraren farko. Aka kafa ƙungiyoyin masu sauraron rediyo. A 1966 aka yi taro a Bamako, aka daidaita baƙaƙen rubuta Hausa da wasu harsunan Afirka ta yamma.

Koperatif ta farko ba ta kama ba. An kwaikwayo ta ne daga Faransa: kowane mutum ya zo shi kaɗai, ya biya kuɗin shiga, a rubuta sunansa. Takardu duka da Faransanci suke. Ma'aikacin gwamnati ne ke awo, shi ke lissafi. Manoma suka dube ta, suka ce ai wannan rumbun kumandan ne ya sake riga. Kaɗan suka shiga, bashi kuma bai komo da kyau ba.

Sabon tsari na 1966

Abin yabo a nan shi ne, ma'aikatan UNCC ba su tsaya zagin manoma ba. Sun zauna da dattawan garuruwa, suka saurara, suka sake tsari. Wani Bafaranshe mai suna Guy Belloncle yana cikin waɗanda suka yi aikin, kuma ya rubuta labarinsa daga baya. Daga 1966 aka fara gwada sabon tsarin a ƙasar Damagaram, sannan ya bazu.

Ga yadda yake. Gari ɗungum ne ke shiga, ba mutum ɗaya ɗaya ba, kuma ba kuɗin shiga. In za a bada bashin iri, taron gari ne ke faɗin wanda za a ba, don gari ya san mai biya, ya san mai taurin bashi. Garuruwa maƙwabta su haɗu su riƙe kasuwa guda. Su zaɓi shugaba, su zaɓi masu awo, su zaɓi masu rubutu, duk daga cikinsu. Bayan an gama kaka, a yi taro a fili, a karanta lissafi kowa na ji: ga abin da aka saya, ga abin da aka kashe, ga rarar da ta saura. Rarar nan a mai da ita ga garuruwa, kowane gari gwargwadon gujiyar da ya kawo. Garin da ya bar bashi, a cire daga rabonsa.

Ku dubi abin da wannan tsari ya haifar. Tun da rarar ta gari ce, kowa ya sa ido a kan sikeli. Tun da ɗan gari ne zai auna, dole a samu ɗan garin da ya san lamba. Mutumin da jiya bai damu da karatu ba, yau shi ke neman a koya masa 1 zuwa 100, da tarawa, da ɗebewa. Waɗanda suka yi makarantar allo suka fi saurin kamawa, don hannunsu ya saba da alƙalami. Aka mai da takardun kasuwa cikin Hausa, aka sauƙaƙe su. Mutanen da ba su taɓa taka ƙofar lakkol ba suka riƙe kasuwar da kuɗi masu yawa ke ratsawa, suka kuma bada lissafi daidai.

Darasin karatun manya ma ya samu ƙarfi a wuraren nan. Masu binciken da suka bi sawun aikin daga baya sun lura da abu guda. Inda aka ba sabon mai karatu aiki na gaske, karatunsa ya zauna, har ya ƙaru. Inda aka koya masa baƙi da wasali aka sallame shi, ba takardar da zai cika, ba littafin da zai riƙe, kafin damina biyu ya manta. Wuƙar da ba a yanka da ita, tsatsa ke cinye ta.

Akwatin magani na gari

Irin wannan aka gani a fannin lafiya. Likitoci kaɗan ne, asibiti da nisa. Tun cikin shekarun 1960, a jihar Maraɗi, aka fara cewa gari ya zaɓi mutum biyu, a ba su horo na kamar kwana goma. Su koyi wanke miki, da sa maganin ciwon ido, da bada nibakin ga mai masassara, da gane ciwon da ya fi ƙarfinsu don su tura asibiti. A ba su akwatin magani da littafi. Ungozomomi su ma aka koya musu wanke hannu, da yanke cibiya da reza mai tsabta.

Horon iri ɗaya ne ko'ina, amma sakamakon ya bambanta. Inda malamin asibiti ke zagayowa a kai a kai, ya duba littafi, ya gyara kuskure, aka kuma samu wurin sayen sabon magani in na akwati ya ƙare, aikin ya daɗe. Inda mota ta lalace, ko mai ya yanke, ba mai zuwa, sai akwati ya zama wofi. Mai bada magani ba albashi gare shi ba, gona na jiransa. Ya rataye mabuɗi ya koma bakin hauyarsa. Abin da ya koya ya bi iska. Laifin ba na kansa ba ne. Igiyar da ta haɗa shi da asibiti ce ta tsinke.

Yadda ginin ya tsage

Abu uku suka taru a kan koperatif.

Na farko, fari. Tun daga 1968 damina ta fara gardama, abin ya yi tsanani a 1973 da 1974. Ranar 15 ga Afirilu 1974 soja suka karɓi mulki, Seyni Kunce ya hau. A 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta faɗa ma gujiya, ta lalata gonaki. Manoma suka koma ga hatsi da wake. Kasuwar gujiya ta mutu a wurare da yawa. Da ba abin aunawa, mai awo ya rasa aiki. Da ba rara, taron lissafi ya watse.

Na biyu, kuɗin ƙarfen yuraniyom. An fara haƙo shi a Arlit a 1971. Cikin ƴan shekaru ya kere gujiya nesa. Baitulmali ya daina dogara ga manomi kamar da. Aka kawo manyan ayyukan raya karkara da kuɗin waje, irin na Maraɗi da na Mirya, Magarya da Matamaye. Aka gina cibiyoyi inda ake ɗaukar saurayi da matarsa su yi damina guda suna koyon noman zamani. In sun gama, a ba su shanun huɗa da garma da amalanke bashi. Wasu sun amfana. Amma da yawa sun komo gida sun tarar gona ta uba ce, ba su da ta cewa. Taki bai zo kan lokaci ba. Ƙarfen garma ya karye, ba wurin samun wani. Ilimi yana kai, ba wurin aiki da shi, bashi kuma yana wuya.

Na uku, iko ya koma sama. Wajen ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa koperatif a ƙasa duka bisa doka, ko gari ya nema ko bai nema ba. A takarda, manoma ne masu ita. A zahiri, ma'aikaci ne ke tsara kome, a wasu wurare kuma masu ƙarfin gari suka mamaye shugabanci. Taron karanta lissafi ya zama na jeka-na-yi-ka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da mutane suka ga wane ya ci bashi bai biya ba kuma ba abin da ya same shi, kowa ya noƙe.

Gwamnati da kanta ta gane. A watan Nuwamba 1982 aka yi babban taro a Damagaram kan aikin karkara, aka yarda cewa an yi ta yi ma manoma aiki ba tare da su ba. A 1984 aka rushe UNCC, aka ce manoma su riƙe ƙungiyarsu da kansu. Amma an miƙa musu ita lokacin da ba kuɗi, ga kuma farin 1984. Asusun bashin noma ya durƙushe, SONARA ma ta bi baya. Sai a 1996 aka yi dokar da ta ba mutane damar kafa koperatif da son ransu.

Akwatin mata mai kwaɗo uku

Gwaninta ba ta mutu ba, wuri take jira. A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara wani aiki da mata, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Tushensa adashi ne, wanda mata suka gada kaka da kakanni. Mata kamar 30 su haɗu, su zaɓi shugaba da ma'aji. Kowane mako kowace ta zuba abin da aka yanke. A ba mai bukata bashi, ta mayar da ɗan ƙari. In lokaci ya cika, a fasa akwati a raba.

Ba a kawo musu ko dala daga waje ba. Horo kawai aka ba su na ƴan watanni, aka janye. Akwatin yana da kwaɗo uku, mabuɗai suna hannun mata uku dabam dabam, ba a buɗe shi sai gaban kowa. Yawancinsu ba su yi karatu ba, da ka suke riƙe lissafi, a faɗe shi da ƙarfi kowane zama. Ba mai iya ɓoye kome.

Cikin wannan tsari mata suka koyi ƙidayar riba, da jagorancin taro, da magana gaban jama'a. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, wasu daga cikinsu suka tsaya, suka ci kujerun kansila. Tsarin ya ƙetare iyaka, aka kwaikwaye shi a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Ku lura, abin da ya ɗaga kasuwar gujiya a 1966 shi ne ya ɗaga akwatin mata a 1991: dukiyar tasu ce, mabuɗi na hannunsu, lissafi a fili yake.

Abin da za mu riƙe

Ƴan uwa, arzikin ƙasa na farko shi ne abin da mutanenta suka iya. Amma iyawa kamar shuka take. Iri mai kyau in ya faɗa kan fako ba ya tsira. Ma'aikata, da ƙungiya, da doka, su ne ƙasar da ake shuka ilimi a ciki. Tarihin nan ya nuna mana alamomi huɗu na tsari mai kyau.

Ɗaya: ana ba wanda aka horar aikin da aka horar da shi dominsa, da mabuɗin, da littafin.

Biyu: ana karanta lissafi a fili, cikin harshen da kowa ke ji.

Uku: doka ɗaya ce ga kowa. Ɗan sarki da ɗan talaka, wanda ya ci bashi ya biya.

Huɗu: ba a yin horo a juya baya. Ana komowa a duba, a gyara, a kawo kayan aiki.

A 2025 aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. To, ƙungiyar da membobinta Hausa suke ji, ba ta da hujjar ɓoye lissafinta cikin harshen da ba su sani ba. A garinku akwai rumbun tsimi, ko kwamitin famfo, ko kwamitin lakkol, ko ƙungiyar masu noman rani. Kowace tana da kuɗi, kowace tana da littafi. Ku da kuka koyi karatu da lissafi, wurin aikinku ke nan. Kada ku jira a kira ku. Ku je taro, ku nemi a buɗe littafi, ku karanta da idonku, ku karanta ma waɗanda ba su iya ba.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a wurin karatu. Wa ke riƙe littafin ƙungiyar garinku, kuma wa ya zaɓe shi? Yaushe rabon da a karanta muku lissafi gaban jama'a? In mai riƙon littafin ya tafi ci-rani gobe, mutum nawa ne za su iya maye gurbinsa? Ku tambayi tsofaffin da suka ga zamanin kasuwar gujiya, wataƙila cikinsu akwai wanda ya taɓa riƙe sikeli. Ku rubuta abin da suka faɗa muku, ku aiko mana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu shugabanni masu riƙon amana. Amin.